Kofin Ƙanƙara

Litinin, 4 ga Maris, 1985, da la'asar

Baƙon dauro ya shigo Unguwar Maitama. Matan garin nan ba sa kiran ainihin sunansa, wai kada ya ji ya waiwayo, amma wannan littafina ne, zan rubuta abina: ƙyanda. Da safe aka kawo mini yara biyu daga rugar da ke hanyar Gozaki, ido ja wur, hanci na zuba, ga tari irin na tsofaffi. Na buɗe bakin ƙaramin na ga fararen ɗigon nan a cikin kumatu. Ba sai an faɗa mini ba.

Ban tsorata ba. Yaran ruga ba su zo allura ba, namu na gari kuwa na yi musu tun watan Janairu da hannuna. 'Yata Atu ma na yi mata. Shi ya sa da ta rarrafo daga cikin gida ta miƙe ta kama gefen zanena ina tsakiyar duba su, ban kore ta ba. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinmu da wannan ɗan asibitin sha-ka-tafi, ita kuma ba ta san bango ba tun da ta fara koyon tafiya. Ta tsaya tana yi wa marasa lafiya dariya da haƙoranta na gaba.

Na duba Gimbiya kafin in rufe. Sunan da na sa wa firij ɗinmu mai kananzir ke nan, don ba ta aiki sai an lallashe ta: a gyara lagwani, a goge baƙin hayaƙi, a sa mata dutse a ƙafa don kada ta karkace. Wutarta shuɗiya ce. Babu allurar ƙyanda a cikinta yanzu, duk ta ƙare a Janairu, amma na saba dubawa.

Laraba, 6 ga Maris, bayan azahar

Inna Hansai ta zo gaida ƙawarta. Haka take kiran Atu. Ita ce ungozomar garin nan tun kafin a haife ni, ita ta yanke mini cibiya, ita kuma ta yanke wa Atu. Mu 'yan coci ne, ita ba ta wasa da salla, amma ban taɓa jin an yi haihuwa a gidan Kirista ko na Musulmi an kira wata ba ita ba.

Ta same ni ina shan ruwan da na sanyaya, ta riƙe baki.

"Dinatu, ke dai ba ki son kanki. Mai shayarwa da ruwan akwatin mura? Ke ki sha, ita ta tsotsa, gobe a ce mani ƙirji."

Na ce, "Inna, ana wannan zafin?"

"Zafi bai taɓa kashe kowa ba. Sanyi shi ne maƙiyi."

Wannan ita ce Inna. Wankan jegon da ta yi mini saura kaɗan ta dafa ni. Har yau in na ga tukunya na tafasa da ganyen darbejiya sai bayana ya ɗauki zafi. Ta goya Atu suka tafi zaga gari, na samu na wanke sirinjoji cikin natsuwa.

Juma'a, 8 ga Maris, da hantsi

Mairamu ta kawo ɗanta Bature. Zazzaɓi, jan ido, ƙuraje sun fara fitowa bayan kunne.

Na yi masa allura a Janairu. Na tuna, don ya cije ni a yatsa.

An koya mana a makaranta cewa a cikin yara masu yawa akan samu ɗaya da allura ba ta kama shi ba. Na faɗa wa Mairamu haka. Ta ce to, Sista. Na faɗa wa kaina sau biyu bayan ta tafi.

Lahadi, 10 ga Maris, bayan sujada

Ba ɗaya ba ne. Ɗanasabe na gidan maƙera, da 'yar mai ɗinki, da tagwayen bayan masallaci. Dukkansu na yi musu.

A coci mata sun gaishe ni kamar kullum, sai dai gaisuwar gajeriya ce. Ban ji komai daga wa'azin ba. Ina ta taɓa goshin Atu har mijina Ishaya ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce a kunnena, "Za ki goge mata fata."

Goshinta sanyi ƙalau. Na yi mata allura.

Litinin, 11 ga Maris, da safe

Na wayi gari da faɗa. Gimbiya na fara tuhuma, na zare tankinta, na auna lagwani, na leƙa bututun hayaƙi, ban ga laifinta ba. Sai na koma kan mijina. Na ce shi ne yake buɗe ta yana cusa kwalbar ruwansa in ya dawo daga makaranta. Ya ce sau ɗaya ya yi, bara, kuma bai manta da abin da ya biyo baya ba. Gaskiyarsa ce. Na ba shi haƙuri, amma ba da daɗin rai ba.

Ya ce, "Wai me ruwan sanyi da ƙarfin magani ne? Ƙwayar ciwon kai shekara take yi a aljihuna."

Na yi masa bayanin da malamarmu ta yi mana. Allurar ƙyanda ba magani ba ce irin na aljihu. Ƙwayar cutar ce da kanta, an karya mata ƙarfi amma an bar ta da rai, don ta shiga jikin yaro ta sanar da shi kamannin maƙiyinsa tun kafin ya zo. In ta isa da rai, ta isar da saƙo. In ta mutu a hanya, ruwa kawai ka tsira wa yaro. Tana zuwa a bushe kamar gari a gindin 'yar kwalba, a haka tana da ɗan haƙuri. Amma da zarar an zuba mata ruwanta an kaɗa, ta zama abar lallaɓawa: a kan ƙanƙara, a inuwa, za ta kai yamma, in ta ji ɗumi kuwa, kafin a dafa tuwo ta gama mutuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a gane ta a ido. Mai rai da matacciya kala ɗaya ne, ba wari, ba gurɓacewa. Yaro ya yi kuka iri ɗaya, uwa ta yi godiya iri ɗaya.

Ishaya ya ce, "Ta Atu fa?"

Na ce masa zai makara.

Talata, 12 ga Maris, da magariba

Wutar Gimbiya shuɗiya ce. Atu ta ci tuwo da kyau.

Laraba, 13 ga Maris, da la'asar

Na je duba Bature. An kulle shi a ɗaki, an toshe taga da tsumma, an lulluɓe shi da bargo wai don baƙon ya fito duka kada ya koma ciki. Na buɗe tagar, na san ina fita za a mayar. Mairamu ta rako ni zaure, ba ta ɗaga murya ba, ta ce:

"Sista, mu fa da muka sha jira ran nan. Tun safe muke zaune har kika je gidan Shafa'atu kika dawo. Ashe jiran banza muka yi."

 Daga nan ban koma gida ba, na bi gidajen marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya ina tambaya: ranar allura, kafin in tafi gidan Shafa'atu aka yi wa naku, ko bayan na dawo? Mata ba sa manta ranar haihuwa, kowacce ta san inda take zaune. Uwar Ɗanasabe ta ce bayan. Mai ɗinki ta ce bayan. Uwar tagwaye ta ce bayan, har ta tuna hannuna na warin sabulu. Na shiga gidajen da yara ke wasa lafiya ƙalau a tsakar gida, duk suka ce kafin.

Ga yadda ranar ta kasance. Alhamis ce, da sanyin hunturu mai shiga ƙashi. Mudi, mai kawo mana allura a kan babur daga Malumfashi, ya sauke akwatin tun ranar Laraba da yamma. Na shimfiɗa tebur a rumfa, na hura kasko don tafasa sirinjoji, na kaɗa kwalaben da za su ishi layin, na jera su a kofin silba cike da ƙanƙara. Na yi wa kusan rabi sai ga Inna Hansai da sauri: Shafa'atu ta haihu tun asuba, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini na zuba. Na rufe kofin da farin ƙyalle na ce, Inna, zauna ki tsare mini kayan nan. Na daɗe a can, rana ta yi sama sosai kafin in dawo. Na tarar da kofin yadda na bar shi, da sauran ƙanƙara a ciki, kwalabe a jere. Na ci gaba.

Atu ce ta ƙarshe. Wace ma'aikaciya ce za ta fara da 'yarta mata suna kallo, 'yar fari ma? Ai sai a yi da ni a rijiya shekara guda. Tana bayan Inna tun da na dawo, sai da layi ya ƙare na ce a kawo ta, kamar wadda na manta da ita. Mata suka yi dariya suka ce Sista akwai kawaici.

Ƙanƙara na nan. Ƙyalle na nan. To me ya faru?

Alhamis, 14 ga Maris, bayan azahar

Ban yi niyyar tambayarta ba. Ta zo da kunun tsamiya, ta zauna a dokin ƙofa tana ba Atu da ludayi, ni ina ninke kaya. Na ce kamar da wasa, "Inna, ran allurar nan da na bar ki, wani ya taɓa kofin?"

Ta yi dariya har da tafa cinya.

"Yo wa zai taɓa in ba ni ba? Ai na daɗe ina son in faɗa maki, na ce bari dai, 'yan boko ba a iya masu. Kina tafiya na ɗaga ƙyallen na sa hannu. Wayyo Allah! Dinatu, ƙanƙara! A wannan sanyin za ki zuba wa jarirai ƙanƙara a jini? Na ce ba a gabana ba. Na ɗebi ruwan zafin tukunyarki na surka, na jera su ciki suka yi ɗumi lumui. Da na hango ki tafe na mai da maki abinki yadda kika aje, don kada ki yi mani tsiwa."

Na ci gaba da ninke kaya. Ta ɗauka daɗi nake ji.

"Ba ki ga na bayan ba su yi kuka sosai ba? Ta ƙawata kuwa, kwalbar ƙarshen nan, a hammatata na riƙe ta, sai da ta yi kamar nonon uwa. Ko ba haka ba, ƙawata?"

Atu ta buɗe mata baki, ta zuba kunu.

Na ce ina zuwa. Na shiga ɗakin magani na rufe ƙofa, na zauna a ƙasa kusa da Gimbiya. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na ji su ta bango, tana yi mata waƙar tashi-tsaye, Atu na ƙyalƙyala dariya.

Ba ƙarya ta yi ba, ba mugunta ta yi ba. Ni kuma ce mata na yi ta tsare, ban ce mata komai a kan ƙanƙara ba. Ina jin haushinta, kuma ban san inda zan ajiye haushin ba.

Juma'a, 15 ga Maris, da magariba

Na bi motar farko zuwa Malumfashi, wurin da muke karɓar allura. Kwalba ɗaya nake nema, ɗaya tak. Babu. Cutar ta ɓarke ko'ina, daga Bakori har Kafur, abin da ke akwai an rabar. Na wuce Funtua, can ma haka. Suka ce ana sa ran wata daga Kaduna. Mudi ya rantse mini ranar da ta sauka ba zai ci abinci ba sai ya kawo.

A mota na yi ta lissafin ranar da yaran ruga suka zo, da yadda ta tsaya a gabansu tana dariya. Na san abin da littafi ya ce game da kwanakin da cutar ke yi a ɓoye. Ko da na samu yau, an riga an makara. Duk da haka da na samu da na yi mata.

Na faɗa wa Ishaya komai.  Ya ce, "Tsohuwar nan in ta ji, ba za ta kai damina ba." Na ce na sani. Ya ce, "To." Ba mu ƙara ba.

Asabar, 16 ga Maris, da la'asar

An binne Bature.

Mairamu ba ta yi mini magana ba, ba ta kuma ƙi ni ba. Ta matsa mini wuri a tabarma.

Lahadi, 17 ga Maris, da safe

Ba mu je coci ba. Jikinta da ɗan zafi. Haƙori ne, ina jin. Tana wasa.

Litinin, 18 ga Maris, da safe

Ba haƙori ba ne.

Laraba, 20 ga Maris, bayan azahar

Inna Hansai ta naɗo tabarmarta da butarta ta tare a gidanmu, ba wanda ya kira ta. Ta ce ƙawarta ba za ta yi jinya ba ita. Ta iya riƙon yaro mai zazzaɓi fiye da ni, wannan ba zan ɓoye ba. Atu ba ta karɓar ruwa a hannun kowa sai nata.

Amma muna ta karo. Na buɗe taga, ta rufe. Na jiƙa tsumma ina goge mata jiki, ta ƙwace ta ce zan mai da baƙon ciki. Ɗazu na shigo na tarar ta lulluɓe ta da bargo biyu, ga kasko a gefe. Na fizge bargon na yi mata tsawar da ban taɓa yi wa babba ba.

"Inna, ɗuminki ya isa haka!"

Ta dube ni, ta ce a hankali, "Gajiya ce. Je ki kwanta, ɗiyata." Ta ɗauka zafin uwa ne.

Ba na iya kallon hannuwanta. Su ne suka fara taɓa ni a duniya.

Juma'a, 22 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci

Mai unguwa ya aiko a kira ni. Dattawa zaune a zaure, har da fastonmu. An ce ana ta magana a gari: wasu na cewa ruwan rijiya na tsira wa yara na sayar da ta gaskiya a Funtua, wasu na cewa allurar ce ma ta kawo cutar.

Mai unguwa ya ce, "Malama Dinatu, ba tuhumarki muke ba. Mu dai a faɗa mana abin da ya faru."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zafi ne ya taɓa ta, ta mutu kafin ta shiga jikinsu."

Wani ya ce ai dama wannan firij ɗin tsohuwa ce. Kowa ya gyaɗa kai, an samu mai laifi. Ban gyara musu ba. Gimbiya ba ta da jikoki, ba ta zuwa rijiya, ba wanda zai daina kiranta haihuwa.

Sai maƙeri, uban Ɗanasabe, ya ce, "To in an kawo wata, me zai hana ta sake mutuwa?"

Na ce zan kula. Ko ni ban gamsu da amsar ba.

Ƙurajen sun rufe mata fuska da ƙirji. Idonta ba ya buɗuwa sai an wanke.

Lahadi, 24 ga Maris, da hantsi

Ta sha nono kaɗan. Ta kama ɗankunnen Inna ta ja. Mun yi dariya mu uku kamar mahaukata.

Talata, 26 ga Maris, da la'asar

Ya sauka a ƙirji. Ina jin numfashinta daga ɗakin magani. Na fara mata allurar fanisilin, na tsira wa 'ya'yan mutane ba adadi, amma yau sai da Ishaya ya riƙe mini gwiwar hannu.

Ɗaya daga cikin tagwayen bayan masallaci ya tafi. Ɗanasabe ya tashi, an ce har ya nemi fura.

Inna ta ce, "Kin gani, sanyin nan da kike buɗe mata ne." Na fita waje.

Wutar Gimbiya shuɗiya ce. Ban san dalilin da ya sa nake dubawa ba.

Alhamis, 28 ga Maris, da safe

Za mu kai ta babban asibiti. Ishaya ya tafi neman mota.

Asabar, 30 ga Maris

Mun dawo. Ishaya ne ya riƙe ta a mota. Ni zanen goyo na riƙe.

Mun sa ta a bayan coci, gefen Bature.

Litinin, 1 ga Afrilu, da la'asar

Mata na ta zuwa. Suna cewa Sista akwai haƙuri, ko hawaye ba ta yi. An ce ba a kukan 'yar fari a gaban mutane. Na gaji da a yabe ni.

Inna ce ke kukan. Ta ƙi cin abinci, tana zaune a bakin ƙofa da takalmin Atu ɗaya a cinyarta, tana cewa duk abin da ta sani ta yi, ta rufe, ta gasa, ta hana iska, amma sanyi ya sha kanta. Na kai mata kunu na tsaya har ta sha.

Talata, 2 ga Afrilu, da hantsi

Na ji ƙarar babur. Mudi ne, ya yi gumi sharkaf, ya lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen buhu, bakinsa har kunne. "Sista, ta sauka! Ko karyawa ban yi ba. Ina 'yar tawa?"

Ishaya ya ja shi gefe.

Na jera kwalaben a cikin Gimbiya. Akwati cike.

Lahadi, 7 ga Afrilu, Ista

Sun yi waƙar tashi daga matattu. Na motsa baki.

Laraba, 10 ga Afrilu, da magariba

Gobe allura. Akwai yaran da cutar ba ta kai gare su ba tukuna, cikin waɗanda na yi wa bayan na dawo daga gidan Shafa'atu, da na ƙauyukan gefe, da waɗanda suka isa yanzu. Na bi gida gida. Wasu sun ce sai maigida ya dawo, wasu sun ce Allah ya kai mu, irin wadda ba za a zo ba.

Na haɗu da Mairamu a rijiya. Ta sauke tulunta ta ce, "Taki ma ta tafi, Sista. Da kin san ruwa ne da ba ki tsira mata ba." Ta ɗaura gyale ta bi ni sauran gidajen. Ita ta riƙa yin maganar, ni ina tsaye.

Inna ta ce za ta zo ta taya ni riƙon yara kamar kullum. Ishaya ya ce in aike ta wani wuri, in ce ana nemanta a Gozaki. Na yi tunanin haka. Amma gobe ba ita ce allurar ƙarshe a garin nan ba, kuma duk matar da ta haihu a hannunta abin da ta koya mata ta sani.

Alhamis, 11 ga Afrilu, da magariba

Sun zo. Ba duka ba, amma rumfa ta cika.

Na hura kasko, na tafasa sirinjoji, na fasa ƙanƙara na cika kofin silba. Yau kwalba ɗaya na kaɗa, sai ta ƙare in kaɗa wata. Inna ta iso da 'yar tukunyarta, ta rame har zanenta na zamewa. Ta gaisa da mata, ta ɗebi ruwan zafi ta surka, ta taɓa da gwiwar hannu yadda take yi wa ruwan wankan jariri. Sannan ta miƙo hannu wajen kofin.

"Kawo in ɗumama masu. Ko ana zafi, ƙanƙara ƙanƙara ce."

Na riƙe wuyan hannunta. Na yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"A'a, Inna. Abar nan rai gare ta. Sanyi ke riƙe da ranta. In ta ji ɗumi mutuwa take yi, ta koma ruwa."

Ta yi murmushi tukuna, irin na za ta ce 'yan boko. Sai murmushin ya tsaya. Ta dubi tukunyarta. Ta juya ta dubi matan da ke zaune, ta dubi Mairamu da ba goyo a bayanta, ta dubi uwar tagwaye da ɗa ɗaya a cinya. Inna ta san kowane yaro a garin nan da ranar da ya faɗo, ba ta bukatar a lissafa mata.

"Ta ran nan fa, Dinatu?"

Na saki wuyan hannunta.

"Ta ƙawata fa? Wadda na sa a..." Ta ɗaga hannu ta kai hammatarta, ba ta ƙarasa ba.

Na so in yi mata ƙarya. Na shirya ƙaryar tun jiya, Gimbiya ce, kananzir ne. Bakina ya ƙi. Na ce, "Inna, ba ki sani ba. Ni ma ban faɗa miki ba."

Na ɗauka za ta faɗi, ko ta yi kururuwa gari ya taru. Ta tsaya kawai, leɓenta na motsi. Wani jariri ya fara kuka a layi. Ta sunkuya ta ɗauki tukunyar, ta fita bayan rumfa ta zubar da ruwan a ƙasa, ta kife ta. Ta dawo ta ce, "Ina ƙanƙarar take?"

Na nuna mata akwatin.

Tun daga lokacin har muka tashi ba ta riƙe yaro ko ɗaya ba. Ta durƙusa tsakanin akwatin da tebur, ta tsiyaye abin da ya narke, ta fasa sabuwa da hannunta ta cika kofin, ta gyara ƙyalle, ta matsa da jikinta ta tare inda rana ke shigowa. Matar da ko alwala ba ta yi da ruwan randa. Wata ƙanwar Shafa'atu ta ce, "Inna, yau ba za a ɗan ɗumama masu ba?" Inna ta ce da ƙarfi, yadda na ƙarshen rumfa za su ji, "Ba a ɗumamawa. Kowa ta ji da kunnenta, ni Hansai na ce ba a ɗumamawa." Ba wadda ta sake tambaya.

Rana ta karkata kafin mu gama. Mata suka watse, Mairamu ta kwashe tabarmi. Inna na nan durƙushe, kofin ba komai a ciki, tana ta zuba masa ƙanƙara. Na ce, Inna, an gama. Ba ta ji ba. Na durƙusa na karɓe kofin, na ga yatsunta sun yi fari sun ƙage, ba sa lanƙwasuwa.

Na kama hannuwan biyu na sa su a hammatata, na matse. Sai a lokacin kukan ya zo mini, a tsakiyar rumfa, ban damu da wanda ke wucewa ba. Ta yi ta ƙoƙarin zarewa tana cewa, "Bar su, ɗiyata, bar su haka nan." Ban sake su ba sai da suka yi ɗumi.